Me ya sa wasannin labari na Japan suke jan ƙafa kafin su kama mutum?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: "Na ɗauko Steins;Gate saboda yabon da ake yi masa. Na yi kusan awa takwas ina dannawa, ban ga komai ba sai wasu samari a ɗaki suna surutu kan ayaba da na'urar ɗumama abinci. Marubutan ne ba su iya ba, ko ni ne ban gane ba? Kuma duk haka sauran suke?"

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya buɗe wannan wasan sai da ya yi irin ƙorafinka. Na daɗe ina karanta irin waɗannan wasanni da ake kira bijuwal nobel, wato labari da ake karantawa a allo tare da hoto da sauti, wasu da Japananci, kuma na yi aikin tace rubutu ga ƙananan ƙungiyoyi masu ƙirƙirarsu. Abin da na fahimta shi ne jinkirin farkon labari bashi ne marubuci yake ci a wurin mai karatu. Akwai masu biya har da riba, akwai kuma masu cinyewa su shafa wa idonsu toka. Steins;Gate yana cikin masu biya. Amma kafin in kai ga nan, bari mu fara da yatsarka, domin a nan komai ya rataya.

A fim, darakta ne yake riƙe da linzami. Idan ya ce shiru na daƙiƙa biyar za a yi, daƙiƙa biyar ɗin za ka zauna. A littafi kuwa idonka yana ganin shafi gaba ɗaya, ko ba ka so sai ka hango abin da ke ƙasa. Wasan labari ya faɗa tsakani. Akwatin rubutu ne mai layi uku ko huɗu, kuma layi na gaba ba zai fito ba sai ka danna. Kai ne mai tafiyar da labarin, amma marubuci ne yake yanke inda za a tsaya. Saboda haka ma'aunin taku a wannan sana'a shi ne dannawa ɗaya. Ga misali daga kaina. Idan na rubuta "Na buɗe ƙofa na ga takalmanta suna nan amma ita ba ta nan" a layi guda, labari kawai na ba ka. Idan kuwa na raba shi uku, "Na buɗe ƙofa," ka danna, "Takalmanta suna nan," ka danna, sannan na ɗauke kiɗan da ke tashi tun ɗazu kafin in sako "Ita ba ta nan," to da hannunka ka buɗe ƙofar, kuma kai ka jawo wa kanka mugun labarin. A manhajar NScripter, wadda aka gina wasannin Tsukihime da Higurashi a kanta, alamar @ ita ce "jira a danna", akwai wata alamar ta share shafi, akwai kuma umarnin dakatar da rubutu na ɗan lokaci ko rage masa gudu. Ƙwararren marubuci yana ɓata lokaci kan wurin ajiye waɗannan alamomi kamar yadda yake ɓatawa kan kalmomin.

Wannan dabara ta girmi sunan bijuwal nobel kansa. Kamfanin Chunsoft ya fitar da Otogirisou a 1992 da Kamaitachi no Yoru a 1994 a kan na'urar wasa ta Super Famicom, ya kira su labari mai sauti. Rubutu ne ya cika allo a kan hoto, sai ƙarar ƙofa ko iskar dusar ƙanƙara ta shigo daidai kan layin da ake so. A Kamaitachi ko fuskokin mutane ba a zana ba, inuwa ce shuɗiya kawai. Kamfanin Leaf ne ya zo a 1996 da Shizuku da Kizuato ya laƙaba wa jerin nasa sunan da muke amfani da shi yau. Har yanzu salo biyu ne: wanda rubutu ke rufe allo duka, mai dacewa da dogon tunani da siffantawa, da wanda rubutu ke zaune a akwati a ƙasa, mai dacewa da hira da raha da cacar baki. Steins;Gate na biyun ne, shi ya sa kake jin kamar surutu ya yi yawa.

To me ya sa farkon yake da tsawo haka? Yawancin manyan wasannin an gina su kamar itace. Akwai kututture, wato ɓangaren da kowa zai bi, sannan rassa, kowane reshe da mutumin da labari zai karkata gare shi da kuma ƙarshensa. Zaɓin da kake yi a kututture yana ɗaga abin da Japanawa suke kira furagu, wato tuta, kuma tutocin da ka tara su ne za su jefa ka wani reshe. Dole kututture ya gabatar da kowa, ya ba ka lokacin da za ka so wani ka ƙi wani. Wannan dalili ne na gini. Akwai wanda ya fi shi zurfi.

Abin da wasan labari yake da shi wanda fim ba shi da shi shi ne lokaci mai yawa. Fim na awa biyu zai nuna maka abokai suna dariya na minti uku, ya ce ka yarda aminai ne. Wasan labari zai zaunar da kai da su awa goma, ku ci abinci, ku yi musu kan shirme, ka san wanda ba ya tashi da wuri da wadda take cinye abincin mutane. Japanawa suna kiran irin waɗannan fitowa nichijo, rayuwar yau da kullum. Sabo ake ginawa, kuma sabo turken wawa ne, kamar yadda muke cewa. Idan ya kafu sai a zare maka shi. Kamfanin Key ya mayar da wannan tsari sana'a da Kanon a 1999, Air a 2000 da Clannad a 2004, har aka ba irin wasannin suna nakige, wasan sa kuka. A sa ka dariya, ka saba, sannan a taɓa abin da ka saba da shi. Clannad ya wuce awa 50 ga yawancin masu karatu, kuma ɓangaren da ake yabonsa a kai, na rayuwar aure da haihuwa da rashi, ba ya buɗewa sai ka gama rassan makaranta. Wanda ya karanta taƙaitaccen labarinsa a intanet zai ce "shi ke nan?" Wanda ya zauna awannin nan kuwa ba ya iya magana.

Inda na fi son nuna wa ɗalibai wannan aiki shi ne babin farko na Higurashi no Naku Koro ni, wanda marubucinsa Ryukishi07 ya fara sayarwa a kasuwar Comiket ta Tokyo a watan Agusta 2002. Labarin a watan Yuni 1983 yake, a wani ƙauye na ƙirƙira mai suna Hinamizawa da aka zana daga Shirakawa na lardin Gifu. Keiichi yaro ne da ya ƙauro ƙauyen daga birni. Awanni na farko ba komai sai wasa da 'yan ajinsu bayan an tashi daga makaranta, ana yi wa wanda ya faɗi horo na ban dariya. A wasan karta na farko da ya shiga an lallasa shi, saboda kartar tsohuwa ce, kowace da tabonta, kuma 'yan matan sun haddace tabon kowace. A karon farko dariya kawai za ka yi. Daga baya za ka gane an riga an gaya maka labarin gaba ɗaya a cikin raha: kowa a ƙauyen nan ya san wani abu da baƙo bai sani ba.

Sai wata yamma Keiichi ya raka Rena, ɗaya daga cikin 'yan matan, juji a wurin da aka so gina madatsar ruwa aka fasa. Wani mai ɗaukar hoto ya tambaye shi me yarinyar take nema, ya amsa da wasa cewa ƙila gawar da ta binne take dubawa. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce ai mummunan abu ne ya faru, kuma har yanzu ba a ga hannu ɗaya ba. Da Keiichi ya tambayi Rena ko wani abu ya taɓa faruwa a wurin, yarinyar nan mai yawan fara'a da maimaita ƙarshen magana ta ce ba ta sani ba, a gajarce, ta rufe zancen. Babu jini, babu ihu. Amma cikinka zai ɗuri ruwa, domin ka yi awanni kana jin yadda take magana, kuma ka san wannan ba muryarta ba ce. Cire awannin wasan karta, ka bar wannan amsar ita kaɗai, ba za ta tsorata ko yaro ba. Bayan haka ma labarin yana komawa wasa da dariya, sai dai yanzu kai ne ba ka iya sakin jiki, kana ta kallon fuskokinsu. Kukan ƙwaron higurashi, mai kama da na gyare da yamma, wanda da farko yake nufin an tashi wasa a tafi gida, shi ne ya koma abin da ba ka son ji. Kuma ka lura, a babi takwas na asali da aka gama fitarwa a 2006, huɗu na tambaya huɗu na amsa, kusan babu zaɓi ko ɗaya. Marubucin ya ɗauka cewa wasan shi ne ƙoƙarinka na gano gaskiya tsakanin babi da babi.

Naka wasan haka yake, sai dai kayan aikinsa daban. Ya fito a 2009 a kan Xbox 360, labarinsa kuma a unguwar Akihabara yake a bazarar 2010. Ba zan ɓata maka ba, amma zan gaya maka siffar ginin. Babi goma sha ɗaya ne. Har zuwa na biyar, Okabe, jarumin labarin, da abokansa suna wasa da abin da suka gano, ana aika saƙo zuwa lokacin da ya wuce, ana biya wa wannan buƙata ana biya wa wancan, kamar kyauta. Daga ƙarshen babi na biyar za a kawo takardar kuɗi, kuma ɗaya bayan ɗaya za a biya. Kowane biya yana da zafi gwargwadon yadda ka san mutumin da abin ya shafa. Shirmen Okabe na kiran kansa mahaukacin masani, wanda na tabbata ya ishe ka, shi ma ajiya ce. Sai ka saba da hayaniyarsa sannan shirunsa zai yi maka nauyi. Wata gwaninta da ba a cika lura da ita ba: wasan ba ya tsayar da labari ya jero maka zaɓi. Wayar Okabe ce zaɓin. Ka ɗaga kira ko ka ƙi, ka amsa saƙo ko ka share. Labari yana tafiya, kai kuma kana yanke hukunci ba tare da an buga maka ƙararrawa ba.

Za ka ji masu bayani suna jingina duk wannan ga kishotenketsu, tsarin gaɓa huɗu da Japanawa suka gada daga waƙar Sin: gabatarwa, faɗaɗawa, juyi, rufewa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin a wannan tsari juyi yana zuwa a makare kuma ba a buƙatar rikici tun daga farko. Amma ni ina ganin an cika ɗora masa kaya. Fina-finan Japan da littattafan zanensu da yawa suna gudu kamar an biyo su. Idan kana neman dalilin tsawon wasan labari, ka duba aljihu.

Cikakken wasa na kwamfuta a Japan an daɗe ana sayar da shi wajen yen 8,800, kuma wanda ya biya wannan kuɗi yana son ya ga ya daɗe yana ci. Zane yana da tsada, ɗaukar murya yana da tsada, rubutu shi ne mafi araha. Hoton aji ɗaya da hotunan mutum biyar a tsaye za su ɗauki hira ta awa uku ba a ƙara kashe ko sisi a zane ba. Sannan marubutan haya sau da yawa da kilobait ake lissafa musu lada, kilobait ɗaya kuwa wajen harafin Japananci 500 ne. Wanda ake biya da awo ba ya rage mudu. Duk mai bin littattafanmu na Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp ya san yadda labarin da zai ƙare a shafi arba'in yake kaiwa ɗari idan kasuwa ta karɓe shi. Saboda haka zarginka yana da tushe. Akwai wasanni masu yawa da kututturensu ciko ne zalla, barkwanci ɗaya a maimaita shi sau goma, a bayyana maka abin da ka gani da idonka, jarumi ya sake tuna abin da aka faɗa minti biyar da suka wuce.

Ko manyan ba su tsira ba. Fate/stay night na 2004 yana da hanyoyi uku da dole a bi su a jere, kuma wannan jerin gwaninta ce, domin kowace hanya tana ƙalubalantar abin da ta baya ta sa ka yarda da shi game da jarumin. Amma zaman girki da cin abinci a gidan jarumin, Emiya, ya yi yawa. Wasu sun biya kuɗinsu a hanya ta uku, inda teburin cin abincin da wadda take girkin suka zama zuciyar labarin. Wasu kuwa, a ganina, da an zubar da su babu wanda zai yi kewa. Muv-Luv ya kai abin maƙura: a 2003 aka ba mutane wasan barkwancin makaranta sukutum, sannan aka jefa jarumin wata duniya ta yaƙi inda fuskokin nan suke amma rayuwar ta tafi, cikon labarin kuma bai fito ba sai 2006. Dabarar ta yi aiki, masoyansa har yau suna rantsuwa da shi. Ni dai ba na iya ce wa mai aiki da iyali ya ba da awanni masu yawa haka kafin a fara ba shi abin da ya zo nema.

Akwai kuma matsalar maimaici, wadda ta keɓanta da wannan fanni. Idan labari yana da rassa, za ka koma kututture sau da yawa, kuma abin da ya yi daɗi a karon farko gundura ne a karo na huɗu. Shi ya sa kusan kowane wasa yake da maɓallin tsallake abin da aka riga aka karanta, wanda yake tsayawa da kansa idan ya iso sabon layi. YU-NO na Hiroyuki Kanno ya kawo taswirar rassa tun 1996, ya mayar da yawo tsakaninsu ɓangaren labarin. 999 na Kotaro Uchikoshi, da ya fito a 2009 a kan Nintendo DS, ya sa sai ka ga wani mugun ƙarshe kafin ainihin ƙarshen ya buɗe, kuma dalilin hakan yana cikin labarin kansa. Sai dai a fitowar farko dole ka sake warware wasu ɗakunan da ka riga ka warware, abin da ya kashe wa mutane da yawa gwiwa, har sai da aka ƙara taswirar tsallake a fitowar 2017. Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne 428: Shibuya Scramble na 2008. Awa goma na rana ɗaya ne, an yanka su awa-awa, mutum biyar kowa da labarinsa. Idan hanyar ɗaya ta toshe sai ka koma wurin wani ka canza wani ƙaramin abu da ya yi. Ba ya barin ka zauna wuri ɗaya har ka gaji. Idan wani ya ce maka wasan labari dole ya yi nawa, ka nuna masa wannan.

Ni ma na taɓa ƙonewa ta ɗaya gefen. Wata ƙaramar ƙungiya ta ba ni rubutu in tace, labarin yaro da kakarsa. Akwai fitowa shida na shan shayi da yamma, kusan iri ɗaya. Na yanke huɗu ina jin na yi gwaninta. Da muka ba masu gwaji, suka iso wurin da yaron ya dafa shayi ya zuba kofi biyu bisa sabo alhali tsohuwar ta rasu, babu wanda ya ko motsa. Muka mayar da uku daga cikin huɗun, muka sa kowace ta ɗauki wani ɗan canji: yau hannunta yana rawa, gobe ta manta ta sa sukari, jibi yaron ne ya karɓi butar. Layin kofi biyun ba mu taɓa shi ba. A gwaji na biyu wata ta ajiye na'urar ta fita waje. Tun daga ranar, tambayar da nake yi wa kowace fitowa mai sanyi ita ce: me ya canza tsakanin wannan da ta baya, kuma akwai wurin da za a dawo a karɓi abin da aka ajiye a nan? Kai ma za ka iya yin wannan awo kana karatu. Idan hirar banza tana ƙara maka sanin wani, ko tana sako wani abu da bai zauna daidai ba, ana gini. Idan awa uku sun wuce kuma za ka iya musanya fitowar farko da ta ƙarshe ba a gane ba, ana cinye maka lokaci, kuma ba laifi ka ajiye.

Ga abin da zai sauƙaƙa maka yanzu. Shiga saiti ka kai gudun rubutu ƙarshe. Ba dole ka jira mai murya ya gama kowane layi ba. A hirar raha ka karanta ka wuce, ka adana sauraro don wuraren da suka cancanta. Kada ka riƙa karanta minti goma-goma, irin wannan labari yana son zama na awa ɗaya ko biyu, kuma ka tsaya a ƙarshen babi. Karon farko ka bi zuciyarka, amma ainihin ƙarshen Steins;Gate yana rataye da wasu amsoshin saƙo da wuya mutum ya dace da su da ka, don haka neman jagora a karo na biyu ba abin kunya ba ne. Idan kana son ɗanɗana fannin a gajarce, Planetarian na 2004 ba shi da zaɓi ko ɗaya kuma ana gama shi a zama ɗaya ko biyu. Wata faɗakarwa kuma: wasu tsofaffin wasannin kwamfuta sun fito da fitowar batsa a bugunsu na asali, Fate da Muv-Luv suna ciki, don haka ka duba wane bugu kake ɗauka. Steins;Gate, Clannad, Higurashi, 999 da 428 ba su da wannan, ko da yake Higurashi da 999 suna da kisa da tashin hankali.

Awa takwas ɗin da ka ce ka yi, ina zaton kana wajen babi na biyu, inda ake fafutukar neman tsohuwar kwamfutar nan IBN 5100. Ka daure zuwa layin ƙarshe na babi na biyar. Idan ka kai can ba ka ji komai ba, ka ajiye shi, ba naka ba ne. Kafin nan dai ka riƙa buɗe saƙonnin wayar kana karantawa, kuma gaisuwar nan ta Mayuri ƙawar Okabe, "tutturu", da take yi duk sanda ta shigo ɗakin, kada ka danna ka wuce ta. Ka bar ta ta faɗa har ƙarshe.